Ranar da Aka Buɗe Layi a Kan Makulli

Shekara da shekaru, duk fim ɗin leƙen asirin da kamfanin nan ya fitar sai an ga mijinta a ciki. Ba shi ne jarumin ba. Shi ne dattijon da ke zaune a ɗakin ƙasa cikin tarin ƙarafa, wanda jarumin ke gangarowa wurinsa duk sanda wata ƙofa ta gagare shi. Yakan ɗago kai a hankali, ya gyara tabarau, ya ce, "Sai yanzu ka tuna da ni?" Daga nan sunan Makulli ya bi shi, har 'yan biyunsa ma in suna son tsokana haka suke kiransa.

Wata safiya yana ɗaura takalmi shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne. Kamfanin bai jira ba. A sabon fim suka zaunar da wani matashi mai kwamfuta da barkwanci a ɗakin ƙasan.

Ta je ofishin darakta har sai da masu gadi suka haddace fuskarta. Ranar da ta same shi, a tsaye ya saurare ta.

"Maman 'yan biyu, ni ba ni da ta cewa, 'yan kallo ne iyayen gidana. Ranar Asabar zan shiga rediyo, za a buɗe layi. In suka ce Makulli suke so, ko a zaune ne zan rubuta masa fitowa."

Da murnarta ta kai wa mijin labari. Mutumin da ya yi watanni yana kallon bango sai ga shi ya sa a jingina masa madubi. Kullum yana gwada maganar nan tasa, yawu na zuba, ya goge da hannun hagu ya sake. Likita ya ce irin wannan ƙwazon ake nema, a lallaɓa kada ya karaya.

Ranar Asabar da la'asar ya sa ta yi masa aski, ta sa masa riga mai guga, kamar za a gan shi ta cikin rediyon. Ta ajiye akwatin a kan kujera kusa da kunnensa.

Mai kira na farko ya ce sabon ya fi, domin shi tsohon kafin ya buɗe kwaɗo ɗaya an yi talla an dawo. Mai gabatarwa ya ƙyalƙyale da dariya. Wata mata ta ce ita dai kada a taɓa mata sakatariyar shugaba, sauran duk a yi yadda aka ga dama da su. Wani ya ɓata lokaci yana rantsuwa cewa direban jarumin munafuki ne, ya gane tun fim na biyu. Da aka tambaye shi Makulli fa, sai ya ce, "Wane ne kuma haka? Au, tsohon nan? Ashe an cire shi?"

Ta kalli mijin. Idonsa na kan rediyo, hannun hagu ya damƙe bakin zanen gado.

Ta danna lambar gidan rediyon, layi a cike. Ta sake, haka. Ta ja mayafi ta ce masa za ta karɓo magani, ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba.

A shagon aski shirin suke ji, an cika benci ana musu.

"Don girman Allah ka kira su," ta ce wa mai askin. "Ka ce kana son ya dawo. Magana ɗaya kawai."

Ya kashe injin, ya sosa ƙeya. "Anti, wallahi ina ganin girman Baba. Amma duk wanda ke nan ya ji ni ɗazu ina yabon sabon."

"To ka yi ƙarya! Ni ban cancanci ƙarya ɗaya a wurinka ba?"

Ya ɗauko waya ya gwada, ya nuna mata fuskar wayar: layi a cike. Ta tsallaka wurin mai kantin magani, ita kuma ta ce ba ta taɓa kallon irin finafinan ba, me za ta ce in an tambaye ta? Ta kira ƙanin mijin, ya ce yana tuƙi. Ta tare wasu 'yan mata biyu a bakin titi, suka ja baya suna kallonta kamar wadda ta zautu.

A jikin katangar gidansu, tana haki, ta sake danna lambar, kiran ya shiga.

Ta yi niyyar sauya murya, ta ce ita ɗaliba ce. Amma da mai gabatarwa ya ce, "Muna jin ki, wa kika zaɓa?" duk abin da ta shirya ya gudu.

"Yana jin ku," ta ce. "Yana kwance yana jin ku. Ya yi aski saboda ku. Kun ci dariya da shi shekara da shekaru, yau ko mutum ɗaya..." Kuka ya ƙwace mata.

Bayan haka kira ya yi ta shigowa. Allah ya ba shi lafiya. Allah sarki, ba mu sani ba. Wani ya ce a buɗe masa asusun taimako. Ba wanda ya ƙara maganar fim.

Da ta shiga ɗaki ta tarar ya ture rediyon ƙasa, batura sun warwatse. Ya juyar da fuska.

"Baban 'yan biyu..."

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. "Bara... kika... yi min."

Ta durƙusa gaban gadon ta riƙe ƙafarsa, tana ba shi haƙuri. Bai janye ƙafar ba, bai kuma kalle ta ba. Washegari ya yi mata nuni da ta ɗauke madubin, ya daina amsa wa mai gashin ƙashin da ke zuwa motsa masa hannu, ya daina tambayar ranar mako.

Cikin satin darakta ya zo gidan da kansa, da ledar lemo. Ya zauna a bakin kujera yana murza hula. Ya ce maganarta ta taɓa mutane ƙwarai, kuma sun yanke shawara: a fim na gaba za a nuna cewa Makulli ya rasu a bakin aiki, jarumin zai tsaya gaban hotonsa a bangon ofis ya sara masa. Hoto mai kyau kawai suke buƙata.

Ta miƙe tsaye. "A gabansa kake faɗin haka? Da ransa? Tashi ka fitar min daga gida!"

Mijin ya buga gefen gado da hannun hagu. Ya nuna saman durowa, inda jakar hotuna take. Ta tsaya tana girgiza kai, ya sake bugawa da ƙarfi. Dole ta sauko da ita ta zazzage masa a cinya.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana turewa da yatsa. Ya wuce na ɗakin ƙasan duka, ya tsaya kan wani da aka ɗauke shi a tsaye cikin kwat, kafaɗa a miƙe, yana dariya da dukan bakinsa. Ya miƙa wa darakta.

"A... ƙara masa... girma," ya ce.

Darakta ya karɓa da hannu biyu. Ita kuwa ta fita tsakar gida, ta buɗe famfo har ƙarshe don kada su ji ta.