Harafin Aro

"Baba Abarci, sanda biyu ne fa a jingine, sai ka ɗaure su da ɗaya a tsakiya," in ji Zuhura, karo na uku ke nan da safen nan. "Shi ke nan A."

Abarci dillalin raƙuma ya dubi allin da ke hannunsa kamar kunama aka miƙa masa, ya ajiye.

"Madam, na gani sarai. Ba ni rubuta shi."

Wata uku ke nan Zuhura tana fama da dattawa goma sha biyu a ajin yaƙi da jahilci, cikin wata rumfar zana bayan kasuwar dabbobi ta Dakoro. Yau da la'asar ansipekta, mai duba makarantu, zai zo, ya kuma riga ya aiko cewa duk ajin da ba a samu ko mutum ɗaya mai rubuta sunansa ba, rufe shi za a yi. Wannan ne aikinta na farko, kuma tsoro take ji ƙwarai kada ya zama na ƙarshe.

Ba wai ba ta yi ƙoƙari ba. Daga formasiyon, horon malanta da ta yi a Maraɗi, ta dawo da littafi mai kauri. Babi na farko ya ce a ba ɗalibi tukuici in ya yi daidai, sai ta zo da ƙwayoyin sukari. Dattawa suka shanye shi a shayi, suka sa mata albarka. Babi na biyu ya ce maimaitawa ce uwar koyo, suka yi ta rera haruffa har jakunan kasuwa na amsa musu. Baki ya iya, hannu ya ƙi. Babi na uku kuwa, mai cewa a fara daga abin da ɗalibi ya sani, a kuma nemi abin da ya kawo shi, tsallake shi ta yi. A ganinta me suka sani ban da raƙuma?

Abin da ya kawo Abarci kam duk Dakoro an sani. 'Yarsa ta zuba masa sunaye a salula, ran nan ya tashi kiran amininsa Idrisa, ya buɗe baki da "Kai tsohon ɓarawon awaki!" Ashe surukinsa Malam Issa ya kira. Sati biyu bai bi ta ƙofar gidan ba.

"To don me ba za ka rubuta ba, Baba?" in ji Zuhura.

"Yau dai kin tambaya," in ji Abarci. "Wanga ai shaidar gidan su Samba ce. Ita ce ga wuyan raƙumansu tun kakanni. In aza ta bisa allona, gobe a ce mi? Abarci ya hwara satar dabbobi?"

Samba, wani dogon makiyayi da ke zaune a gefe, ya gyaɗa kai. "Ni ma cikin sunana akwai mai tumbi biyu. Nashi ne, shi ya sa ban taɓa shi."

Zuhura ta juya ta dubi babban allo. Ta nuna I.

"Na Idrisa!" aji ya amsa baki ɗaya.

Ta nuna T, suka ce na wasu mutanen Mai Yara ne. Ashe wata ukun nan ba haruffa suke gani ba, garken mutane suke gani, irin shaidar da ake yi wa dabba da ƙarfe mai zafi. Sun san kowanne, kunya ce kawai ta riƙe musu hannu. Dariya ta zo mata, kunyar kanta ta biyo baya.

"Baba Samba, a wajenku ba a ba da aro?"

"Akwai habbanaye mana. In ba ka saniya, ta haihu hannunka, ka riƙe ɗiyan, ka maido man uwar."

"To harafi ma haka yake. Uwar tana nan a babban allo, ba mai taɓa ta. Abin da ta haifa a allon Baba Abarci nasa ne."

Dattawa suka auna maganar. Can Samba ya ce in haka ne ya ba da, amma Abarci ya riƙe amana, kada ya bar ta da ƙafa ɗaya gajera.

"Waɗanda ba su da mai su hwa?" Abarci ya nuna R da C.

"Na gwamnati ne," in ji Zuhura. "Kowa na iya hawa."

Rumfa ta kaure da ciniki. Kafin azahar alli ya kusa ƙarewa.

Da la'asar Mushe Harisu ansipekta ya jingine babur ɗinsa, ya zauna, ya buɗe kaye, littafin rubutunsa, ba tare da murmushi ba. Ya nuna Abarci da biro.

"Baba, rubuta sunanka."

"Samba, ara man biyu."

"Ɗauka."

Mushe Harisu ya ɗaga gira. Abarci ya ciji harshe ya zana A, B, A, R, C, ya ajiye alli.

"Saura ɗaya," in ji ansipekta.

"Na sani, Mushe. Sanda guda ce tsaye. Amma ta Idrisa ce, shi ko ya tahi Azagor da dabbobi tun shekaranjiya. Ban roƙe shi ba."

Duk rabon da aka yi da safe, Zuhura ta manta mai I ba ya nan. Ta fara rattaba bayanin babi na uku, ansipekta ya ɗaga mata hannu, don Abarci ya zaro salula daga aljihu. Yana latsawa a hankali, yana duban kowane suna kamar mai duba haƙoran raƙumi, har ya tsaya.

"Ga shaidarshi nan gaba!" Ya danna, ya kara a kunne, baki har kunne. "Kai tsohon ɓarawon..."

Sai murmushin ya ɗauke. Abarci ya zame daga benci ya durƙusa a ƙasa.

"Baba Issa... barka da la'asar. A'a, lahiya lau. Gaisuwa ce kawai."

Mushe Harisu ya rufe fuska da kaye, kafaɗunsa na girgiza. Da ya samu numfashi ya share hawaye, ya yi rubutu layi biyu, ya sa hannu.

"Madam, in na rufe ajin nan, alhakin surukin bawan Allah nan a wuyana yake. Ku ci gaba."

Abarci, har yanzu a durƙushe, ya toshe bakin salula da tafin hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Madam, wadda ke bin sandar nan cikin sunan Idrisa, shaidar wa ce? Gobe da ita za mu hwara."