Ƙuri'ar Blerta

Lume tana cikin yanka wa wani direba burek, gasasshiyar wainar fulawa mai alayyahu, Sanije ta zura hannu a aljihun rigar aikinta ta zaro wayar.

"Wannan kuma fa? Yaushe kika zama 'yar gayu?"

"Ajiye min, ta ɗan maƙwabciyata ce. Aro na yi. Ya nuna min inda zan danna in zaɓi mawaƙiyar ƙasarmu idan ta gama waƙa."

Sanije, wadda rumfarta ta cuku da zaitun ke manne da ta Lume a bakin tashar motar Elbasan, ta yi dariya har ta dafa teburi. Direban ma ya murmusa, baki cike da burek.

"Teta Lume," in ji shi, don Teta, wato inna, ake ce wa manyan mata a garin, "ai ba a zaɓar ƙasar kai. Ko kin danna har yatsanki ya kumbura, ba za su ƙirga ba."

"Wa ya ce?"

"Dokarsu ce. Mu nan sai dai mu zaɓi wasu. Wanda ke waje ne kawai zai iya zaɓar mu."

Lume ta tsaya da wuƙa a hannu. Yau ne karo na farko da Albaniya za ta shiga gasar waƙa ta ƙasashen Turai. A zamanin tsohuwar gwamnati, ita da marigayi mijinta Skender sukan rufe taga da bargo su kamo gasar ta tashar maƙwabta, hoto na rawa, sauti can ƙasa, don kada wani ya kai ƙara. Skender yakan ce wata rana za a kira sunanmu a wurin nan. Ga ranar ta zo, ga waya ta aro, an ce kuma hannunta ba shi da amfani.

"To wace irin gasa ce wannan, a hana uwa ta tafa wa 'yarta?"

"Shi ya sa kowa ke shagon buga waya na Petrit tun safe," in ji Sanije. "Ni na kira ɗana a Jamus, na ce shi da matarsa da surukarsa, duk wanda bai zaɓa ba kada ya zo min hutun bana. Kowa na kiran nasa." Ta shiga gyara zaitun da bai buƙaci gyara ba. "Ke ma ai kina da taki a Atina."

Lume ta miƙa wa direban canjinsa, ta shiga goge faranti.

Kowa a tashar ya san zancen, shi ya sa ba a tayar da shi. Blerta, 'yar Lume tilo, ta tafi Girka neman aiki kamar sauran 'yan unguwa, ta samu jinyar wata tsohuwa mai hali. Kuma kamar yadda da yawa suka yi don a ɗauke su, ta ce ita jinin Girkawan kudu ce, ta koma amsa sunan Fotini. Ranar da ta faɗa wa uwarta a waya, Lume ta ce sunan da ubanki ya raɗa miki ne kika ajiye a bakin iyaka kamar tsohon takalmi? Ta kife wayar. Blerta ta sake kira, Lume ta ƙi zuwa ta amsa. Tun daga nan sai dai labari a bakin masu dawowa.

"Ba sulhu na ce ki yi ba," Sanije ta ce. "Aikin ƙasa ne. Ki ce mata ta zaɓa, ki ajiye. Ko gaisuwa kada ki yi."

"Ita ai Bagirkiya ce yanzu. Ta zaɓi nasu."

"Ai kuwa ba za ta iya ba! Dokar ta hana." Sanije ta sake fashewa da dariya. "Kin gani? Ko ta ina aka bi, mu ne rabonta."

Lume ba ta yi dariya ba. Ta sayar da sauran burek ɗin, ta yi wa wata mata tsawa a kan taɓa abinci da hannu, ta zubar da kofi a kan takalminta. Da rana ta take, ta cire rigar aiki ta ninke.

"Duba min rumfa. Magani zan saya."

"Kantin magani ta can yake," Sanije ta nuna hagu. Lume ta yi dama.

Shagon Petrit ɗan ƙarami ne, da akwatunan waya uku na katako, kuma yau layi har bakin titi. An ɗauke wuta kamar kullum, janareta na ta ƙugi a ƙofa, don haka kowa ihu yake yi. Wani tsoho na faɗa wa ɗansa a Landan cewa idan ya zaɓa sau ɗaya kawai to bai haifu ba. Wata kuma tana kuka tana tambayar ko jikanta ya fara haƙori. Lume ta tsaya a layi riƙe da jaka a ƙirji, sau biyu tana juyawa za ta tafi, sau biyu na bayanta suna tura ta gaba.

"Teta Lume!" Petrit ya ɗaga gira. Ya yi shekaru yana aikin gini a Girka kafin ya dawo ya buɗe shagon. "Yau wace rana. Ina takardar lambar?"

"Ba ni da takarda."

Ta faɗo lambar da ka, tiryan-tiryan, ba gargada. Ya danna, ya nuna mata akwati na tsakiya.

Wayar ta yi ta ƙara can nesa. Sai wata murya ta ɗauka, muryar tsohuwa mai kaushi, tana magana da Girkanci.

"Blerta," in ji Lume. Ta ƙara ɗaga murya. "Blerta!"

Tsohuwar ta faɗi wani abu gajere, ta kife.

Lume ta fito fuskarta ta yi ja. "Ta hana ni ita."

"Ba hana ki ta yi ba, Teta. Babu mai wannan sunan a gidan."

"To kai da ka iya yarensu, yi mata magana."

Petrit ya girgiza kai. "Da na buɗe baki za ta gane daga inda nake. Namiji, daga nan, yana neman mai aikinta? Gobe ta wayi gari da jakarta a ƙofa. Kalma ɗaya ce, Teta. Ke za ki faɗa."

"Na rantse a kan kabarin ubanta ba zan faɗa ba."

"To a ba na baya wuri!" wani ya yi ihu daga layi. "Mu ma muna da 'ya'ya!"

"Rufe mana baki, kai da ɗanka ke gidan yari a Italiya," wata ta mayar masa. "A can ma zaɓe ake?"

Aka yi dariya. Lume ta dubi ƙofa, ta dubi akwatin. Ta koma ciki ta ja ƙyauren.

Da tsohuwar ta sake ɗauka, Lume ta rufe ido. Sunan ya fito mata a karkace, kamar ta tauna tsakuwa a shinkafa.

"Fotini."

Aka ajiye wayar a kan wani abu mai tauri. Ta ji tsohuwar na ƙwala kira, ta ji takun silifa, ta ji numfashi.

"Blerta, ni ce."

Sai 'yar ta faɗi wasu kalmomi na Girkanci a hankali, irin na amsa baƙo. Lume ta gane tsohuwar na tsaye a kanta. Ashe ko gaisawa ba za su iya ba. Tana shirin ajiyewa ta ji tsohuwar ta yi tambaya da ƙarfi, Blerta ta ba ta amsa a taƙaice. Daga nan sai ga yarensu, ras, ba raɗa ba ɓoyo.

"Mami. Mami, lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Ke, tana jin ki fa! Za ta kore ki."

"Ta daɗe da sani, Mami. Ta ce ina magana a cikin barci. Ta ce dai kada in faɗa wa ɗanta." Blerta ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Ƙafarki fa? An ce min tana kumbura."

"Wa ya ce? Sanije ko? Bakinta ya fi rumfarta faɗi. Ke kina cin abinci kuwa? Muryarki ta rame."

"Murya tana ramewa ne, Mami?"

"Taki ta rame."

Suka yi ta yi. Rufin ɗaki da ke yoyo, kurangar inabin da Skender ya dasa, wadda bana ta yi 'ya'ya har ta karya sandar, 'yar wane da ta yi aure, yadda Girkawa ba su iya murza fulawar burek ba. Aka buga ƙyauren, Lume ta juya baya. Aka sake bugawa. Sai da Petrit da kansa ya leƙo yana haɗa hannu alamar roƙo, sannan ta ce, "To, sai Lahadi. Ki sa rigar sanyi," duk da ana tsakiyar watan Mayu.

Ta fito tana share hanci da bakin ɗankwali. A ƙofa ta ci karo da Sanije, wadda ta bar rumfuna biyu a hannun Allah ta biyo ta.

"Maganin ya samu?"

"Ya samu."

"Me ta ce? Za ta zaɓa?"

Lume ta tsaya cak. Ta dubi Sanije, bakinta a ɗan buɗe.

"Kada ki ce min," in ji Sanije. "Lume! Abu ɗaya aka aike ki!"

Lume ta waiwaya ta dubi layin, wanda yanzu ya zagaye kwana har gaban shagon aski. Ta gyara jakarta a ƙirji, ta taka zuwa can ƙarshe, ta tsaya a bayan mutum na ƙarshe.

"Koma ki duba min rumfa," ta ce. "Zan daɗe."