Ƙyanda a Ɗakin Baƙi

Ranar Asabar da hantsi Talatu da mijinta Nasiru suka iso Boɗinga a kan babur, ƙullin kaya a baya, ɗiyarsu Zahra'u mai shekara uku a tsakiyarsu. Iskar ruwan farko ce ta yaye musu rufin ɗaki a Lambara, can ƙasar Shagari, kafinta kuma ya ce sai ya yi mako guda kafin ya gama gyara. Safinatu da kanta ta kira Talatu a waya ta ce su taho. Tun sakandare suke ƙawance, har mazajensu suka saba ta dalilinsu.

Arzika, mijin Safinatu, tela ne a kasuwa. Ya kwashe tulin yadukan da ke ɗakin zaure ya shimfiɗa wa baƙi katifa. Safinatu ta yanka zabo, ta tuƙa tuwon shinkafa. Ranar nan hira suka sha har tuwon ya huce. Zahra'u kuwa ta liƙe wa Khalid, jaririn gidan ɗan wata biyar, wanda Safinatu ta shekara shida tana jira kafin Allah ya ba ta. Yarinyar ta tsuguna gaban tabarmarsa tana sumbatar kumatunsa, tana ba shi yatsanta yana kamawa.

Lahadi Zahra'u ta tashi da majina da ɗan tari. Litinin idanunta suka yi ja, jikinta ya ɗauki zafi, ta ƙi shan fura.

"Mi ya samu ɗiyar nan?" Safinatu ta tambaya.

"Zafin gari ne kawai," in ji Talatu, idonta na kan wanke-wanken da take yi. "Haka take yi duk bazara."

Ranar Laraba da safe Safinatu ta ce bari ta taya ta yi wa yarinyar wanka. Tana ɗaga kitson bayan kunnenta ta ga ƙuraje ƙanana jajaye, sun fara gangarowa wuya. Soson ya faɗi daga hannunta. Ta san su. Tana 'yar shekara goma irinsu suka fito wa ƙanenta, har yau kuma da ido ɗaya yake gani.

"Talatu, an yi wa Zahra'u allurar ƙyanda?"

Talatu ta kau da kai.

"Da ke nake."

"Ranar da masu allurar sunka zo muna gona, wajen cirar albasa. Daga baya kuma ban samu na kai ta ba."

"A Lambara akwai wanda ya yi ta?"

Talatu ta sunkuyar da kai. "Ɗiyan maƙwabtanmu, biyu. Shi ya sa ma da kinka kira na yi murna. Na ce gara in ɗauke ta daga can kafin ta kama. Wallahi lafiyarta lau munka baro gida."

"Kin sani ke nan. Kina kallo tana sa mishi baki a fuska, ba ki ce mini komai ba."

Safinatu ba ta jira amsa ba. Ta wanke hannu da sabulu har sau uku, ta ɗauki Khalid ta shige ɗakinta ta rufo ƙofa.

Da Arzika ya dawo cin abincin rana ta faɗa masa. Ta ce su koma Lambara, ko gidan dangin Nasiru, ko ina ma.

"Su koma ina, Safinatu? Ɗaki ba rufi, ga hadari kullum. Ni in dubi Nasiru in ce ya ɗauki ɗiya ba lafiya ya fita mini gida?"

"To ni in tahi Dingyaɗi gidan Gwaggo da ɗana."

"Gidan da ke cike da jikoki? In ya riga ya ɗauka, su za ki kai wa."

Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara mata haushi ke nan. Da la'asar suka kira wata ma'aikaciyar jinya da ke unguwarsu. Ta duba Zahra'u ta ce ƙyanda ce, ta ba da magani, ta ce a lura da numfashinta. Game da Khalid ta ce bai kai watannin allura ba, a raba su, a ci gaba da ba shi nono, a zuba ido mako biyu zuwa uku.

Daga nan gidan ya rabu biyu. Safinatu ta ware wa baƙi kwanukansu da butarsu. Takan zuba abinci ta ajiye a bakin ɗakin zaure ta ce, "Ga shi nan," ta juya. Talatu ta daina fitowa tsakar gida sai in za ta yi alwala. In sun haɗu a bakin randa, kowace ta kalli wani wajen. Mazan suna cin abinci tare a waje, suna maganar tsadar kwanon rufi da taki, babu wanda ya taɓo abin da ke cikin gida.

Ranar Alhamis Nasiru ya tafi Lambara duba aikin, Arzika yana shago. Wajen azahar Safinatu na jajjaga kayan miya ta ji an kira sunanta, ba da ƙarfi ba. Talatu ce a tsaye daga nesa, ba ko ɗankwali.

"Na san ba ki son ganina. Amma zo ki duba ta, don Allah. Ban gane numfashin nan ba."

Safinatu ta dubi ƙofar ɗakinta inda Khalid ke barci. Tun jiya ba ta taka ɗakin zaure ba. Ta ajiye taɓarya ta shiga.

Zahra'u na kwance, ƙuraje sun rufe ta har ciki. Tana numfashi da sauri, haƙarƙarinta na shiga ciki duk ja ɗaya, leɓɓanta sun bushe. Wayar Nasiru ba ta shiga. Arzika bai ɗauka ba, ƙarar keken ɗinki ta hana shi ji. Talatu ta durƙushe tana kuka, ta kasa ko ɗaura zani.

"Tashi ki sa hijabi," in ji Safinatu. "Ba lokacin wanga ba ne."

Ta leƙa ta katanga ta roƙi tsohuwar maƙwabciyarsu ta zo ta zauna da Khalid. Sannan ta ɗauki Zahra'u da kanta, ta rungume ta a ƙirji, suka fita titi neman keke Napep. A asibiti aka ce ciwon ya sauka a huhu, da sun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Aka ba ta gado. Da Safinatu ta dawo gida sai da ta yi wanka ta sake kaya kaf kafin ta taɓa ɗanta, wanda ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Ranar Asabar aka sallami Zahra'u, rufin ma an gama. Daga asibiti suka wuce Lambara, Nasiru ne kawai ya biyo ɗaukar kaya. Ya yi ta godiya, Safinatu ta amsa daga bayan labule. Talatu ta kira sau huɗu a makon, Safinatu ba ta ɗauka ba.

Kwana biyu bayan tafiyarsu jikin Khalid ya yi zafi, ranar Alhamis ƙurajen suka fito. Kwanansu huɗu a asibiti. Safinatu ba ta iya cin komai sai ruwa, idonta kullum a kan ƙirjinsa tana kallon yadda yake hawa da sauka. A rana ta uku zazzaɓin ya sauka, ya kama nono da kyau.

Da azahar ɗin ranar Arzika ya shigo ya ce, "Talatu na waje. Tun jiya take zuwa daga Lambara da kunu, ta zauna ƙarƙashin bishiya har la'asar ta koma. Ita ta hana ni faɗa miki."

Safinatu ta gyara wa Khalid kwanciya. Can ta miƙe ta leƙa ta taga. Talatu na zaune a kan benci da filas a cinya, ta rame, ƙafafunta duk laka.

Ta fita ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya Zahra'u?"

"Ta samu sauƙi. Har tana wasa."

"To, shigo ki riƙe mini shi in yi sallah."