Jarka Ɗari Huɗu a Turmi Ɗaya

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 2023, na auna zannuwan matata a kan sikelin da na aro wajen mai nama.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare a nan Zuru. Da na yi ritaya aka ba ni agogon bango, na koma ga karatu, domin shi kaɗai na iya. A wata mujalla na ci karo da batun ruwan da ke ɓoye cikin kaya. Marubucin ya ce duk abin da masana'anta ta ƙera ya sha ruwa kafin ya iso hannunka. In atamfa ce, akwai ruwan da ya shayar da audugar, da wanda ya wanke zaren, da na rini, da wanda ake buƙata a tsarma dattin rinin kafin a sake shi cikin rafi. Kilo ɗaya, wajen lita dubu goma.

Na fara da sabulu, na koma kan bokitin roba, da tukunya, da katifa. Kowanne in auna nauyinsa, in duba mujalla, in mayar da lita zuwa jarka mai cin lita ashirin da biyar, tunda da jarka mai ruwa ke sayar mana. Matata Leah ta ƙyale ni. Ta ce gara wannan da in zauna ina gyara wa mai karanta labarai Turanci a rediyo.

Ranar da na kai ga akwatinta, Monica tana gidan. Ita ce shugabar Zumuntar Mata ta cocinmu, ta kawo samfurin sabon anko na babban taron da za a yi a Mahuta cikin Nuwamba. A wannan taron aka zaɓi Leah ta ja waƙa. Shekara takwas tana jiran wannan. Dokarsu kuwa a fili take: wadda ba ta da ankon bana ba ta tsayawa a gaba.

Na fito da takardata, na dubi Leah.

"Maman Praise, kin san jarka nawa ke cikin turmi ɗaya?"

"Malam, in ƙishirwa kake ji, ga randa can."

"Ɗari huɗu. Kina da turmi goma sha ɗaya. Ke kaɗai kin shanye rijiyar unguwar nan, kuma ga ki kina neman ƙari."

Monica ta yi dariya har da riƙe ciki. Leah ta ninke samfurin a hankali.

"Littattafan nan naka fa," ta ce, "da yawu aka yi su?"

"Ilimi ba kwalliya ba ne."

"To, madalla. Mama Monica, cire sunana. Kada Zuru ta bushe a kaina."

"Haba Leah, wasa Malam yake yi."

"Shekara talatin da huɗu ina tare da shi. In ya ɗauki biro ba ya wasa."

Aka cire sunanta, aka ba wata jan waƙar. Ni kuwa na ɗauka fushin kwana biyu ne.

Tambayarta ce ta hana ni sakat. Bayan mako ɗaya na rufe ƙofa na ƙirga littattafaina, suka kama ɗari huɗu da 'yan kai. Bisa mujallar nan dai, kowane littafi ya sha kamar jarka talatin. Na lissafa sau uku, yadda nake sa ɗalibai su yi. Jarka dubu goma sha biyu. Zannuwanta duka dubu huɗu da ɗari huɗu ne, kuma ita tana ɗaura nata. Rabin nawa ban taɓa wuce gabatarwa ba.

Na ninke takardar na cusa cikin littafin taswira. Na ce sai ta huce. Da ta huce, na ce ai tayar da maganar zai dawo da faɗan. Ta ci gaba da dafa mini tuwo, tana zuwa Zumunta ranar Alhamis tana zama a benci na baya. Tana wanki tana rera waƙoƙin taron ƙasa-ƙasa, ina jin ta daga ɗaki ina juya shafi.

Cikin Oktoba ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini, in ji likita. Ba ta sake magana ba, kwana biyu ta cika.

Matan Zumunta ne ke shirya 'yar'uwarsu, kuma da ankon shekarar suke sa ta a akwati. Monica ta same ni a tsakar gida.

"Malam, na bana fa?"

"Ki samo mata. Ko daga ina ne."

"Daidai da sunaye aka kawo, an kuma rabe. Ai a gabanka aka cire nata."

Da na shekara uku baya aka binne ta, wanda wanki ya koɗar. Mata arba'in suka kewaye kabarin cikin sabon shuɗi mai sheƙi, wata ta ja waƙa, muryarta ba ta kai rabin ta Leah ba. Mutane suka yi ta yaba mini dauriya. Mutane dai ba su cika sanin abin da suke kallo ba.

Wata bakwai na samu, ina da baki, muna cin abinci a faranti ɗaya. Abin da zan ce mata bai fi numfashi ɗaya ba: Leah, na auna littattafan, na ninka ki kusan sau uku, je ki ɗinka ankonki.