Rigar Zdena a Madatsa

Da hantsi dutsen niƙan Kunesh ya tsaya cak. Ya fito yana zagin kogi, a zatonsa reshe ne ya toshe madatsar ruwan da ke juya masa dutsen, sai ya tarar Mutuwa ce.

A Bohemiya, ƙarshen azumin Kirista, wannan ba abin mamaki ba ne. Kowane ƙauye kan ɗaure ciyawa siffar mace, a sa mata riga, 'yan mata su kai ta kogi da waƙa su jefa, wai an fitar da Mutuwa daga gari. Limamin coci ya hana har ya gaji, bana kuwa da annoba ke bin gida-gida shi ma ya kau da kai. Wannan ta mutanen Lhota ce, ƙauyen da ke sama da su, inda kogin ke gangarowa. Rigar jikinta ce ta ɗaure wa Kunesh kai, shuɗiya mai jan zare a wuya. Da ita 'yarsa Zdena ta tare a Lhota bara, ga shi wata biyu da rufe hanya saboda annobar, babu labarinta.

Maƙwabcinsa Vavra ya tsaya can nesa, hannun riga a hanci.

"Kai, tura ta gaba da sanda, ta je ta ci na ƙasa."

"Vavra, rigar wa ake sa mata?"

"Ta amaryar bara mana. Sai ka ce baƙo."

"Mu ke nan. A Lhota fa?"

Vavra ya sosa ƙeya, don uwarsa 'yar can ce. "Ta taɓa cewa ta macen da ta mutu ƙarshe suke sa mata. Ko kuwa a garin kakata ne? Ka san tsohuwar, komai cakuɗa shi take."

Kunesh ya ji kamar ya shaƙe Vavra. Shekara talatin ciyawar Lhota na wucewa ta ƙofarsa, bai taɓa tambaya ba. Ya ɗaga sanda, ya sauke. Tsoro yake ji ƙwarai, don an ce wanda ya taɓa ta ba ya ganin girbi.

Yana wannan tsayuwa matarsa Mahna ta wuce shi. Ta shiga ruwan nan mai sanyi har ƙugu, ta jawo ciyawar gaɓa, ta tuɓe mata rigar, ta juya cikinta waje. Ita ta ɗinka ta, ta san kowane zare.

"Nan ba hannuna ba ne," in ji ta. An farke gefe biyu an ƙara ƙyalle, da ɗinkin Zdena mai karkacewa. Ta auna ƙarin da tafin hannu. "Ciki gare ta, maigida. Zai kai wata shida."

"To ta yi mata kaɗan ne ta bayar, ko cire mata aka yi? Tana da rai ko babu?"

Mahna ta matse rigar, ta rungume ta a jiƙe.

"Ban sani ba. Amma yanzu mutum biyu kake tambaya."