Muryar Yaya da 'Yar Adafta

Ɗakin taron makarantar ya cika maƙil, har wasu iyayen na tsaye a jikin tagogi. An taru ne don tunawa da malamin waƙa da ya rasu. Ƙanensa, wanda kowa ke kira Auta, shi ne a bayan miksa, na'urar da ke tura sauti zuwa lasifika, can ƙarshen ɗakin, don haɗa sauti ne sana'arsa.

Matar marigayin ta zo ta miƙa masa wayarta da hannu biyu. A ciki akwai waƙar ƙarshe da mijinta ya ɗauka, yana rerawa yana kaɗa fiyano, kuma babu ita a ko'ina sai nan.

"Auta, in ka taɓa min abin da bai kamata ba, kunnenka zan ja a gaban ɗalibai."

"Haba Anti, na girma fa."

"Girman me? Ni na yi ta yi maka wanki har ka fara gemu."

Ya yi dariya, ya buɗe gwangwanin da yake tara ƙananan adaftocin jona kebul da miksa. Mai kai biyu yake nema, wadda ya saba haɗa waya da ita. Babu. Sai ya tuna tun da safe ya sa ta a fiyanon ɗalibai, can kan dandamali. Ya ɗauko wata mai kai ɗaya, ta shiga ramin miksar daram, ya ce a ransa ai shi ke nan.

Shugaban makaranta ya ce a yi shiru, za a ji muryar Malam. Auta ya danna.

Fiyano ya fito siriri, kamar daga cikin rijiya. Aka jira. Wurin da ya kamata Malam ya fara rerawa ya zo, ya wuce, babu murya. Auta ya ƙara ƙarfi, sai shuuu kawai lasifika ke yi. Ɗalibai suka fara waiwaye.

"Ina yake?" in ji Anti. Ta riƙo hannun rigarsa. "Auta, goge shi ka yi?"

"Ban taɓa komai ba, wallahi."

"To ina muryarsa? Jiya ma na saurare ta!"

In muryar nan ta tafi, da wane ido zai sake kallon matar nan? Ya dubi wayar, ya bi kebul da ido har bakin miksa, sannan abin ya faɗo masa. Waya gefe biyu take fitar da sauti, hagu da dama, muryar Yaya kuwa tana cikin kowanne daidai wa daida. Wannan ramin, in ya karɓi biyun tare, sai muryar hagu ta cinye ta dama, ɗan fiyano kawai ya rage.

Ya hango fiyanon ɗalibai, inda adafta mai kai biyun take. Ya san kafin ya ratsa jama'ar nan ya dawo da ita, Anti ta gama zubewa.

Ya mayar da waƙar zuwa farkonta. Ya kama bakin adaftar da yatsu biyu, ya zaro ta a hankali, rabi kawai, har ya ji ɗan ƙas, yadda gefe ɗaya ne kaɗai zai taɓa.

Malam ya yi gyaran murya a lasifika, irin wanda yake yi kafin ya tsawatar wa aji. Wata yarinya a gaba ta gyara zama ba ta sani ba. Sannan ya fara rerawa.

Anti ta saki rigar, ta toshe bakinta.

Adaftar kuwa lilo take yi a ramin. In ya saki za ta zame, in ya motsa za ta yi ƙara. Haka ya tsaya a duƙe, hannu ɗaya a kanta, ɗayan ya tallafe gwiwar hannun don kada ya yi rawa. Hawaye suka gangaro masa har haɓa, ba hannun sharewa.

Anti ta dube shi, ta sa gefen gyalenta ta goge masa fuska.

"Kar ka motsa, Auta," ta ce a hankali. "Saura baiti ɗaya."