Ranar da Tela Ya Yabi Gwamna

Duk mai sauraron shirin ra'ayin jama'a na safe ya san muryar Tela. Shekara da shekaru yana bugo waya gidan rediyo daga shagonsa, ƙafa a kan keken ɗinki, yana caccakar gwamna kan asibiti, kan makarantu, har kan fitilun titi. Mai gabatarwa kan ce, "Ga Tela a kan layi, gwamnati ta gyara zama." Da an gama shirin sai maƙwabta su cika bencin ƙofar shagon suna maimaita maganarsa. Shi kuwa ya duƙufa kan ɗinki kamar bai ji ba, alhali ko tari aka yi a bencin nan yana kunnensa.

Ƙaninsa mai facin taya ne a bakin layi, mutum ne da sai an matsa masa yake magana. Wata rana 'yan talabijin suka shigo unguwa jin ra'ayin mutane kan aikin gwamna, aka yi rashin sa'a Tela ya tafi kasuwa sayen zare. Suka tarar da Mai Faci tsugune gaban bahon da yake tsoma taya don gano huda, bahon a bushe ƙamas.

"Malam, me za ka ce game da gwamna?" ɗan jarida ya tambaye shi.

Mai Faci ya ɗaga bahon ya kifa. "Ku gaya masa famfonmu ya mutu. Ko hudar taya ba na iya ganowa, balle tsohuwarmu ta samu na wanka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma kafin yamma bidiyon ya zagaye wayoyi, kowa na kifa abin da ke hannunsa yana dariya. Washegari da Tela ya bugo waya, ko sallamarsa bai ƙarasa ba mai gabatarwa ya ce, "Tela, ashe mai bahon nan ƙaninka ne? Gidanku akwai baki, amma shi ya fi ka taƙaitawa!"

Tela ya yi dariyar yaƙe. Da ya ajiye waya ya lura ya ɗinke hannun riga da wuyanta, sai da ya zauna yana warwarewa.

Bencinsa ya fara yin fili. Daga inda yake zaune yana hango maƙwabtan nan nasa can bakin layi, sun yi wa ƙaninsa da'ira a kan tsofaffin tayoyi, shi kuwa gogan ko kansa ba ya ɗagawa. Wannan ne ya fi ci wa Tela rai. Da ma a ce yaron ya nemi sunan ne, da da sauƙi. Hassada ce tsagwaronta ta kama shi, ya kuma san ita ce, amma sanin bai rage masa komai ba.

Ba a jima ba ma'aikatan ruwa suka iso da babbar mota. Suka haƙa rami tun daga bakin layi, suka jibge sababbin bututu a gefe. Matar Tela ta kawo masa abinci shago, fuskarta cike da fara'a.

"Maigida, ka ga ikon Allah? Kowa cewa yake ƙaninka ya kawo mana ruwa."

"Ni da na shekara ina maganar famfon nan fa?"

"Ai kai kullum kana yi, shi ya sa suka saba."

Bai taɓa abincin ba. Da safe kuwa shi ya fara shiga layin gidan rediyo.

"Yau kuma me gwamna ya yi?" mai gabatarwa ya tambaya.

"Yau yabo na zo yi," in ji Tela. "A ji tsoron Allah a riƙa faɗin gaskiya. Mu a layinmu ruwa bai taɓa yankewa ba. Bahon nan da kuka gani, zubar da ruwan aka yi kafin a ɗauki hoto. Wasu suna kawai suke nema."

Da haka ya ajiye waya. Tela ya ji wani sanyi a ransa, har da ɗan fito yana zura zare.

Abin da bai lissafa ba shi ne darajar yabo daga bakin wanda bai taɓa yabo ba. Ofishin yaɗa labaran gwamna ya yanke muryarsa ya mai da ita talla, ana sa ta safe da yamma, a ce ga shi har babban mai suka ya shaida. Cikin makon nan ma'aikatan suka dawo suna loda bututun a mota. Da mutane suka taru, shugabansu ya ce shi umarni aka ba shi: tun da mazauna layin sun ce suna da ruwa, akwai unguwar da ta fi su buƙata. Suka tafi suka bar ramin a buɗe.

Ba wanda ya zagi Tela, ba kuma wanda ya ƙara zama a bencinsa. Mai Faci ya wuce da jarkoki a baro, ya ce, "Sannu da aiki, Yaya," ya yi gaba.

Da la'asar mahaifiyarsu, wadda ke zaune a gidan Mai Faci, ta lallabo da sandarta har ƙofar shago. Idonta ya yi rauni, rediyo ce abokiyar hirarta, kuma ba ta taɓa ƙaryata ɗanta na fari ba. Ta ajiye ƙaramin bokiti a bakin ƙofa tana haki.

"Babba, na ji ka a rediyo ka ce akwai ruwa. Wannan sakaran ƙanin naka ya ce mini babu. Nuna mini wajen, ni ko rabin bokiti ya ishe ni."